Baƙin Sama da Baƙin Gidanmu na Ƙofar Marusa

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi ka buɗe ta, ko sai ka sauka a ƙasar sanyin nan da za ka yi karatu. Allah Ya tsare tafiyarka, Ya tsare saukarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Na saka ta ƙarƙashin hulunanka ne don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa jin nauyin tsayawa gaban aji ba, amma abin da zan faɗa maka yanzu na kasa faɗarsa a gabanka. Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan za ka ji a waya. Kurakuraina zan gaya maka, don na lura sun fi wa'azina amfani.

Na farko ya shafe ka kai tsaye. Tun kana sakandare nake yi maka faɗa a kan finafinan nan naka na halittun da ke saukowa daga wasu duniyoyi. Finafinan dodanni nake ce masu. Na sha cewa shirme ne na mutanen da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Sau nawa na rufe maka kwamfuta kana tsakiyar kallo? A duk shekarun nan ban taɓa zama na kalli ko ɗaya ba. Na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, ni da nake hana ɗalibai amsa tambayar da ba su karanta ba.

Sai ranar nan ta damina da ciwon gwiwa ya kwantar da ni. Bayan La'asar ka shigo ka same ni ina ta juye-juye, ka ɗora kwamfutar a kan kujera ka ce, "Umma, yau dai ba inda za ki gudu. Ki ba ni awa biyu, in bai yi maki ba na daina kallo har abada." Na yi dariya na ce ka kunna, don na tabbata na ci gardama.

Kabiru, har yau ban gama fita daga abin da na gani ba.

Ka tuna yadda ya fara? Duhu, sai taurari, ba iyaka, kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Sai wani ɗan ɗigo mai shuɗi can a gefe, ka ce mani wannan ita ce duniyarmu. Na ce ka tsayar. Na daɗe ina kallon ɗigon nan. Duk Katsina na cikinsa, da ganuwarta da ƙofofinta, da Makka da Madina, da kabarin mahaifiyata, da duk wanda na taɓa so da duk wanda na taɓa yi wa kallon banza. Ka ƙara da cewa wasu taurarin, haskensu ya daɗe ƙwarai yana tafiya kafin ya iso idonmu, har mai yiwuwa tauraron ya mutu mu kuwa muna ganinsa. Kullum ina kiran Allah Ubangijin halittu a cikin salla, amma ranar ce na ji faɗin kalmar ya cika mani ƙirji.

Daga nan jirginsu ya sauko, da rana tsaka, ba ƙara ba hayaƙi, kamar wata ƙatuwar ƙwarya a kife, inuwarta ta rufe rabin gari. Suka fito, dogaye, sirara, ba su da baki. A ƙirjinsu akwai wani haske mai sauya launi, kuma da shi suke magana. In za su gaisa sai ka ga kore ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja mai taushi, a hankali, ba gaggawa. Na ce maka waɗannan ai Katsinawa ne, gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Ruwan duniyarsu ne ya ƙafe, suka zo neman wurin zama.

Ka san sauran labarin fiye da ni, amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi. Hukumar garin ta ware masu wani busasshen fili a bayan gari, aka ja farin layi a ƙasa, aka ce don kare lafiyarsu ne. Aka bar su suna shigowa gari aikin ƙarfi da safe, amma da sharaɗin kowa ya sa wata baƙar riga mai kauri ta rufe ƙirjinsa, wai hasken na tsorata yara. Da aka rufe masu ƙirji, sai mutanen gari suka koma cewa ai halittun nan bebaye ne, ba su da harshe, ba su da tunani. Akwai wata dattijuwa mai duba takardunsu a bakin layin. Ba muguwa ba ce, ba ta taɓa zagin kowa ba, aikinta kawai take yi. Wata rana ruwan sama ya tsare ta har magariba, ta fake a cikin unguwarsu, sai ta ga sun tuɓe rigunan. Filin nan gaba ɗaya ya kama da haske, iyaye na kiran 'ya'ya, tsofaffi na hira, yara na musu, launi na amsa wa launi har ƙarshen gani. A nan ta gane cewa ɗan hasken da take gani yana leƙowa ta wuyan rigar wani dogo kowace safiya, wanda ta ɗauka lalacewar riga ce, gaishe ta yake yi. Shekara da shekaru yana gaishe ta.

Ka juyo ka ga ina share ido, ka ɗauka daɗin fim ne. Ka yi mani bayani cewa masu shirya irin waɗannan finafinai da mutane suke, ba da halittun sama ba. Suna tuna ƙasashen da aka raba baƙaƙen fata da farare, kowa da famfonsa, kowa da motarsa, kowa da unguwarsa. Na gyaɗa kai kawai. Ai na koyar da wannan tarihi a aji, kuma duk lokacin da na koyar da shi, cikin waɗanda aka zalunta nake ajiye kaina. Ranar nan na nemi kaina cikin masu hasken ban samu ba. A bakin layi na ga kaina, riƙe da takardu.

Saboda haka ga shawarata ta farko. Kada ka raina abu kafin ka zauna da shi. Za ka ga abinci da tufafi da al'adu da za su yi maka banbaraƙwai. Ka riƙe addininka da kyau, abin da ya haramta ka bar shi, amma abin da ba ka saba da shi ba kawai, ka ba shi awa biyun nan da ka roƙe ni.

Yanzu ga abin da ya sa na yi kuka.

Kana ƙarami sosai lokacin da suka tashi, ban sani ba ko kana tuna su. Ɓangaren gidanmu na gabas, inda yayanka ke zaune yanzu, da can haya muke bayarwa. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya kama, Malam Dauda, mutumin Filato, Kirista, da amaryarsa Saratu. A gidanmu ta haifi ɗiyarta Rifkatu, shi ya sa kowa ke ce mata Maman Rifkatu. Da suka zo, tsakar gida ɗaya muke, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mace ce mai fara'a da tsabta, ba ta taɓa ɗaga mani murya ba.

Ni ce na matsa wa babanku sai da ya ja katanga a tsakiya, ya fasa masu ƙofa ta lungu. Katangar nan da ka tashi ka gani, kana hawa kana tsinkar gwaiba, ba da ita aka gina gidan ba. Ranar da na fara yi masa maganar, ya dube ni ya ce, "Mi suka yi maki?"

Na ce, "Ba su yi mani komai ba. Su ma za su fi sakewa in suna da wurinsu."

Ya ce, "Sun ce maki a takure suke?"

Ban dai bar maganar ba, har ya gaji ya kira magina. Kuma wallahi, Kabiru, a lokacin na yarda da abin da na faɗa. Na ɗauka alheri na yi masu. Da na ji hukumar cikin fim ɗin tana cewa don kare lafiyarsu ne, muryata na ji.

Katanga ba ta tsayar da murya. Duk safiyar Asabar Maman Rifkatu na wanki tana waƙa da harshensu, wata waƙa mai hawa da sauka, mai daɗin ji. Wata rana na ji yayarka Hadiza tana rera ta a bakin murhu. Raina ya ɓaci, na ɗauka waƙar coci ce. Na je jikin katangar na ɗaga murya na ce, "Maman Rifkatu, don Allah a riƙa rage murya. Yara na ɗaukar abin da ba su san ma'anarsa ba."

Sai na ji wankin ya tsaya. Can ta ce, "To, Malama. Ki yi haƙuri."

Ban ƙara jin waƙar ba har suka bar gidan. Ban tambaye ta ma'anarta ba. Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka, ban san sunan harshenta ba, ban san sunan garinsu ba, ban san yadda ake cewa sannu a wurinsu ba. Ita kuwa ta iya Hausa har da karin harshenmu. In ana hira a makaranta sai in ce ai mutanen nan ba su da sakin jiki, ba ka sanin cikinsu.

Ka ji shawarata ta biyu. A can za ka zauna da mutane daga ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba, har da 'yan ƙasarmu da a nan gida ba za ka zauna inuwa ɗaya da su ba. Ka tambayi mutum sunan garinsu. Ka koyi gaisuwarsa ko da kalma biyu ce. In ka ji wani abu nasa ya dame ka, ka fara tambayar ma'anarsa kafin ka nemi ya daina. Kuma duk ranar da ka ji bakinka na cewa su ma za su fi jin daɗi a wurinsu, ka tsaya ka binciki zuciyarka, don ni da wannan jimla na yaudari kaina.

Na uku ya fi nauyi, domin amana ce ta aiki. Rifkatu ta zo ajina a aji shida. Aka shirya gasar karatun Hausa tsakanin makarantun gari, aka ce kowane aji ya fitar da mutum ɗaya. Ba wanda ya kama ƙafarta. In tana karatu, ajin kan yi tsit, har masu surutun baya. Na sani, yaran ma sun sani. Amma na zaɓi wata. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta zo gaban teburina ta ce, "Malama, mi na yi ba daidai ba, in gyara?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Gasar Hausa ce, ya fi kyau 'yar gari ta wakilce mu."

Sai ta ce, "Malama, ni 'yar wane gari ce?"

Ba rashin kunya ta yi ba, tambaya take tsakani da Allah. A gidana aka yanke mata cibiya. Na ce ta tafi gida, ana jiranta. Bayan shekara biyu aka yi wa babanta canjin wurin aiki, suka kwashe kaya. Na leƙa ta ƙofar lungu na ce Allah Ya kiyaye hanya, na koma ciki.

Mai yiwuwa kai ma wata rana a can a ajiye ka gefe, ka fi kowa cancanta, a ba wani saboda launin fatarka ko sunanka ko sallarka. In hakan ta faru, kada ka yarda cewa kai ne ka gaza. Ka nemi haƙƙinka da ladabi, ta hanyar da doka ta tanada, kada ka ɓoye kanka don wani ya ji daɗi. Ka yi sallarka, ka yi Hausarka, ka sa hularka ranar Juma'a. Amma abin da ya fi damuna shi ne ranar da zaɓin zai zo hannunka. Za ka yi ilimi, za a ba ka iko a kan wasu. A ranar ka tuna mahaifiyarka ba azzaluma ba ce a idon kowa, ana yabonta a unguwa, kuma ta yi wannan.

Bayan fim ɗin nan na yi mako biyu ba na jin daɗin komai. Da gwiwar ta lafa sai na shiga Babbar Kasuwa, wajen matan Filato masu sayar da dankali da acca, ina tambaya ko akwai wadda ta san iyalin Malam Dauda. Kai ka ɗauka cefane nake zuwa. Sai a zuwa na huɗu wata ta ce ta san ƙanwar Saratu, ta karɓo mani lambar Rifkatu.

Na kira da hantsi, babanku ya fita. Wata mace ta ɗauka ta ce, "Wa ke magana?" Kabiru, Katsinanci tsantsa, kamar daga Ƙofar Sauri take amsawa. Na faɗi sunana. Sai ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi Alhaji babanku, ta tambayi Hadiza, ta tambayi jaririn nan Kabiru. Tana aiki a wani kantin magani a Filato, tana da 'ya'ya uku. Babanta ya rasu shekarun baya, mu ba mu ma ji ba. Ta ce a can kowa Bakatsiniya yake kiranta. Na kawo maganar gasar, na ce na zalunce ta. Ta ce, "Na daɗe ina jin zafinta, Malama. Amma ke kika koya mani karatun." Ban san inda zan sa wannan magana ba, har yanzu ban sani ba.

Sai ta miƙa wa mahaifiyarta. Muryar ta tsufa, amma na gane ta. Bayan mun gaisa na ce, "Maman Rifkatu, na kira ne in nemi gafara. Na raba mu da katanga, kuma na hana ki waƙarki."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Waƙar? Ai ban daina ba, ƙasa-ƙasa na koma yi. Waƙar kakata ce, ta kiran awaki su sauko daga dutse kafin hadari ya iso."

Waƙar awaki, Kabiru.

Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Katanga kuma gidanku ne, kuna da iko. Ba su ne suka tsaya mani a rai ba. Tunda kin tambaya, zan faɗa maki. Ranar sunan autanki na tashi tun asuba na dafa gwaten acca, irin wanda muke yi wa mai jego a wurinmu. Na sayi sabuwar tukunya don kada ki yi ƙyanƙyami, naman kuma wurin mahaucinku na saya. Na zagayo ta lungu na kawo. Aka karɓa aka ajiye bayan ƙofa. Da yamma na fito zubar da shara, na ga an juye shi a kwatami."

Na rantse maka na manta da wannan sam. Sai da ta faɗa ya dawo mani, har da kalar murfin tukunyar, har da yadda na ce wa mai taya ni aiki ta ajiye can, ban ko ɗaga murfin ba. Na shirya neman gafarar laifi uku da na ƙirga, ashe wanda ya fi yi mata ciwo ba ya cikin lissafina. Ranar sunanka ce, ranar da na fi kowace farin ciki.

Wannan ita ce shawarata ta ƙarshe, kuma ban gama koyonta ba ni kaina. In ka ɓata wa mutum, kada ka je masa da jerin laifukan da ka zaɓa wa kanka. Ka tambaye shi abin da ya ji, ka yi shiru ya gama. Wanda aka ajiye a bayan layi yana ganin abubuwan da mai tsaron layin bai san ya yi ba.

Na ce mata, "Ki yafe mani don girman Allah."

Sai ta ce, "Malama, ba a wannan magana a waya. Ki zo ki ci gwatena tukuna, sai mu yi maganar yafiya."

Na gaya wa babanku duka, har abin da bai sani ba. Bai ce mani ai na faɗa maki ba, ko da yake yana da damar faɗa. Ya dai ce a duba lafiyar motar. Mako biyu bayan tashinka za mu kama hanyar Filato, ni da shi da Hadiza. Ban taɓa wuce Zariya ba a rayuwata. Gabana na faɗuwa kamar yadda na san naka ke faɗuwa yanzu, don ni ma zan shiga garin da ban iya gaisuwarsa ba, in zauna a tabarmar wadda na ɓata wa, in ci abin da ta ba ni. Ka yi mani addu'a kamar yadda nake yi maka.

Ka kula da salla a kan lokaci ko da rana ta rikice maka, an ce a can wani lokaci ba ta daɗewa, wani lokaci kuma ba ta son faɗuwa. Ka sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin. Ka kira babanku ko ba ka da abin faɗa, ba zai nuna ba amma yana jira. In ka samu wani fim irin wancan, ka aiko wa Hadiza ta kunna mani, na janye duk abin da na faɗa a kansu.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya ba ka ilimi mai amfani da zuciya mai taushi. Ya sa ka zama alheri ga duk wanda ya zauna kusa da kai, ko daga ina ya fito. Ya kare ka daga zaluntar wani, Ya kare ka daga a zalunce ka. Ya dawo mana da kai lafiya, muna raye ko bayan ranmu, kana mai albarka. Na yafe maka duk abin da ka yi mani, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mani.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.